'Yata ta daina cin abinci don ta rame, kalori nawa zai ishe ta?

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a Agege. Babbar 'yata shekararta 15, tana aji biyu a babbar sakandare. Tun tana ƙarama mai jiki ce, amma daga shekarar da ta fara al'ada sai jikin ya ƙara buɗewa. A makaranta "orobo" suke kiranta, wato mai ƙiba, a gida kuma ƙanwar babanta kullum sai ta ce wa zai kwashi wannan. Mako shida da suka wuce ta sa wata manhaja a waya mai ƙirga kalori, ta ce ba za ta wuce 1,000 a rana ba. Ta daina karin kumallo, da daddare kokwamba ce da ruwan zafi, ta kuma sayi shayin rage ƙiba a Instagram da kuɗin kashewarta. Daga kilo 73 ta dawo 68, tsawonta mita 1.60. Gaskiya da farko na ji daɗi, har na yaba mata. To makon jiya jiri ya ɗebe ta ana cikin asambile, kuma al'adarta ta wannan watan ba ta zo ba. 'Yar fari ce, ba mu saba zama mu yi hira ba. Kalori nawa ya kamata ta riƙa ci don ta ci gaba da ramewa ba tare da ta faɗi ba? Sannan ƙaninta mai shekara 13 ci yake ba ƙaƙƙautawa amma ba ya ƙiba, shi ma in taka masa birki?

Uwa mai damuwa, Agege

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ta lafiya, ya raya miki su baki ɗaya.

Kafin mu taɓa maganar kalori, abu biyu ba sa jiran gobe. Shayin nan ya bar gidanki yau, kuma cikin makon nan ki kai yarinyar asibiti. Babban asibitin Orile Agege yana kusa da ku, in kuma an tura ku gaba akwai asibitocin koyarwa na LASUTH a Ikeja da LUTH a Idi-Araba. Ki tafi da kwalin shayin a jaka, ki nuna wa likita. Ki faɗa masa komai yadda kika faɗa min: mako shida, kilo biyar, jiri, al'adar da ba ta zo ba. Ki nemi a auna jininta a ga ko ya yi ƙasa, a duba bugun zuciya da hawan jini tana kwance da tana tsaye, a duba gishirin da ke cikin jini. Wataƙila ya ce a yi gwajin ciki. Ƙa'idar aiki ce ga duk macen da al'adarta ta tsaya, kada ranki ya ɓaci, kada kuma ki bari yarinyar ta ji kamar tuhumarta ake yi. Al'ada kan yi tsalle a shekarun farko ko da lafiya lau, amma in ta tsaya daidai lokacin da aka yanke abinci, sau da yawa jiki ne ya ga abin da ke shigowa bai isa ba, ya dakatar da abin da zai iya dakatarwa.

Na san abin da zai zo miki a rai: ai har yanzu da jikinta, yaya za a ce yunwa ta yi mata illa? Nan ne iyaye da yawa ke yin sake. Illar yunwa ba ta jira sai mutum ya zama ƙashi da rai. Yarinya mai kilo 68 da ta yanke abinci farat ɗaya, bugun zuciyarta na iya raguwa, jininta ya yi ƙasa, gashinta ya fara zuba, daidai da yadda zai faru ga siririya. Ita ma ta fi shiga haɗari ta wani ɓangaren, don kowa tafa mata yake yi, babu mai cewa ta tsaya.

Yawancin irin wannan shayin, abin da ke aiki a cikinsa filasko ne ko wani maganin sa zawo, wani kuma mai sa yawan fitsari. Ruwa yake fitarwa, kitse na nan inda yake. Sikeli ya nuna an ragu, a sha ruwa kwana biyu ya dawo. Abin da ke tafiya tare da ruwan shi ne abin tsoro, musamman sinadarin fotasiyam da zuciya ke dogara da shi wajen bugawa daidai. Hanji kuma in ya saba, sai ya ƙi aiki sai an ba shi. Akwai wani magani mai suna sibutramine da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana jawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma an sha gano shi a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da aka rubuta wa "na ganye zalla". Ko da kin ga lambar NAFDAC a jikin kwalin, wannan bai mayar da shi abin bai wa 'yar shekara 15 ba.

Yanzu ga lissafin da kika tambaya. Kalori ma'auni ne na ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. Jadawalin abinci na hukumomin lafiyar Amurka, wanda masana abinci da yawa ke dubawa, ya nuna yarinya mai shekara 14 zuwa 18 na bukatar kalori wajen 1,800 a rana in ba ta cika motsi ba, 2,000 in tana motsi daidai gwargwado, 2,400 in mai wasanni ce ko aikin ƙarfi. Mafi yawan wannan ba a tafiya ko guje-guje yake ƙarewa ba. Yarinya mai girman 'yarki, ko wuni ta yi a kwance ba ta ɗaga ko tsinke ba, numfashi da bugun zuciya da ɗumin jiki da aikin ƙwaƙwalwa kaɗai za su ci wajen 1,500. Ƙwaƙwalwa ita kaɗai tana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan. Kin ga ke nan 1,000 ɗin da ta ɗora wa kanta bai kai kuɗin kwanciya ba, balle tashin asuba, shiga danfo, darasi takwas da Islamiyya. Manhajojin nan don manya aka yi su, manyan da suka gama girma. Ki roƙe ta ta goge ta. Kuma waɗannan lambobin da na kawo naki ne, don ki gane girman giɓin. Kada ki miƙa mata wata sabuwar lamba ta riƙa ƙirgawa, don ƙirgar kanta ta zama ciwo ga yara da yawa.

Shekarunta shekarun gini ne, kuma wanda ya rage siminti ana tsakiyar gini, bangon ne zai faɗa masa daga baya. Kusan rabin ƙarfin ƙashin da mutum zai rayu da shi a shekarun balaga ake tara shi, shi ya sa ake so matashi ya samu kalsiyam miligiram 1,300 a rana, fiye da abin da ake nema ga babba. Yarinya mai al'ada tana bukatar sinadarin ayon, wanda jiki ke haɗa jini da shi, miligiram 15 a rana don mayar da jinin da take zubarwa duk wata. Kokwamba da ruwan zafi ba su da abin kirki na ko ɗaya daga cikinsu. Wannan ƙashin da wannan jinin da su za ta ɗauki ciki wata rana, in Allah ya kai mu. Buɗewar jikin da kika gani bayan ta fara al'ada kuwa, wani ɓangarensa halitta ce: ƙugu da cinya da ƙirji na 'ya mace dole su tara kitse a wannan lokaci.

Shin tana da ƙiba? Ana raba nauyi da tsawo sau tsawo: 68 a raba da 1.60 sau 1.60, ya ba da wajen 26.6. Ga matasa ba a amfani da ma'aunin manya, akwai jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 mai la'akari da shekaru da jinsi. A kansa, 'yar shekara 15 da ta wuce wajen 23.5 nauyinta ya ɗara, sai ta wuce wajen 28 ake kiransa ƙiba mai bukatar magani. 'Yarki tana tsakani. Ga mai irin wannan matsayi, abin da likitocin yara suka fi so shi ne nauyin ya tsaya cak na wani lokaci, ko ya riƙa sauka a hankali, kilo ɗaya a wata ya wadatar. Amma wannan ma sai bayan jirin ya tafi, al'ada ta dawo. Yanzu aikinki shi ne abinci sau uku ya dawo, a hankali, ba tare da an tula mata tuwo an tsaya a kanta ba. Ki gaya mata tun da wuri cewa sikeli zai hau da kilo ɗaya ko biyu a makon farko, ruwan da shayin ya kwashe ne ya koma mazauninsa. In ba ki riga ta faɗa ba, ranar da ta gani za ta koma gidan jiya.

Ba ita kaɗai ba ce, kuma ba lalacinta ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin 100 na yara da matasa masu shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya ɗara, a 2022 ya kai kashi 20. Yaran ba su canza hali ba, abin da ake sayar musu ne da yadda suke wuni ya canza. Ki duba ranar 'yarki da idon basira. Ta tashi kafin asuba don ta riga cunkoso, ba ta karya ba. Ƙarfe goma yunwa ta ci ta, ta sayi fanke ko cincin. An tashi, motar ta maƙale a gosulo, rana na dukan kwanon danfo, ga yaro ya miƙo Gala da lemo mai raɓa ta taga. Ta iso gida a gajiye, indomi ta fi saurin dahuwa. Bayan isha waya har sha biyun dare. Babu inda ta ci abin a zo a gani, amma kalori ya taru, jiki kuma bai samu abin gini ba.

Saboda haka gyaran daga abin sha zai fara. Robar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 12 zuwa 13, kalori kusan 200, kuma ba ta ƙosar da kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin rana, wato wajen cokali 12 ga mai cin 2,000, in an iya a tsaya a shida ya fi. Roba ɗaya ta cinye kason yini. Maltina da danginta da lemon kwali duk tafiyarsu ɗaya, kada kalmar "malt" ko hoton 'ya'yan itace su ruɗe ki. Gwamnatin tarayya ma ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a dokar kuɗi ta 2021, sai dai naira goma ba ta hana yaro saye, gida ne ke hanawa. Namu na gida ma sai an duba: zoɓo da kunun aya da fura lafiyarsu ƙalau, sukarin da muke antaya musu ne matsalar, haka shayin da ake kwarara wa madarar gwangwani mai zaƙi. Ki rage rabi wannan makon, bayan mako biyu ki sake ragewa, harshe yana sabawa. Ta riƙa fita da gorar ruwa. Wannan kaɗai, in da ma kullum tana shan roba ɗaya, ya cire kalori 1,400 a mako ba tare da an taɓa loma ɗaya ta abincinta ba.

Sai mai. Cokalin cin abinci ɗaya na mai kalori 120 ne, manja ne ko man gyaɗa duk ɗaya. Mu kuwa da ludayi muke zubawa, miya ba ta yi kyau ba sai mai ya kwanta a samanta. Ki fara aunawa da cokali. Suya ta koma ta wani lokaci: awara a cikin miya maimakon a kasko, alala a madadin ƙosai wasu ranakun, kifi gasasshe, dankali dafaffe.

Ba sai kin sayi wani abincin Turawa ba, kuma kada a yi mata tukunya daban. Ranar da aka ajiye mata kwanon ganye ita kaɗai, ƙannenta na cin shinkafa da miya suna kallonta, an gama kunyata ta. Gidan gaba ɗaya zai gyara. Rabin faranti ganye da kayan lambu, kwata tuwo ko shinkafa ko doya, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko nama. Malmala ɗaya matsakaiciya da miyar kuka ko kuɓewa ko lalo mai yawa, in ba ta ƙoshi ba ta ƙara, kada a hana ta. Ɗanwake da kabeji da tumatir da dafaffen ƙwai. Faten wake da alayyahu. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli. Da safe, ko yaya sauri yake, kunun gyaɗa ko koko da ƙwai, ko biredin Agege yanka biyu da wake. Ta tafi da ayaba ko gyaɗa ko lemon ɓawo a jaka saboda gosulo. Kindirmo marar sukari da ƙananan busassun kifin da ake ci har ƙashi don ƙashinta; hanta sau ɗaya a mako da wake da ganye don jininta. Baƙin shayi yana hana jiki tsotse ayon, don haka a raba shi da lokacin cin abinci, a bi abincin da lemon zaƙi ko gwaba. Kayan gwarin da ake saukewa a kasuwar Mile 12 daga Arewa suke zuwa, 'yan uwanmu ne ke sayar da su.

Motsa jiki na awa ɗaya a rana ake so ga duk mai shekara 5 zuwa 17, kuma ba sai a jere ba. Na san gidajen haya na Legas, tsakar gidan ma wani lokaci babu, kuma ba kowane uba ne zai bar budurwar 'yarsa ta fita gudu a titi ba. To ta sauka tasha ɗaya kafin taku ta ƙarasa da ƙafa tare da ƙawayenta da rana tsaka, ta hau gadar sama da ƙafarta, ta yi tsallen igiya a baranda da ƙannenta, ku fita tare ranar Asabar da sassafe. Wanki da ɗiban ruwa da shara duk suna cikin lissafi. Sai dai duk wannan bayan likita ya ce bismillah. Barci kuma awa takwas zuwa goma ne na shekarunta, kuma ƙarancinsa na ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi. Mai tashi ƙarfe biyar, wayarta ta kwana a ɗakinki daga ƙarfe tara.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne bakin mutane. Yarinyar nan ba da kanta ta tsani jikinta ba, koya mata aka yi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da rahoto a 2016 da ya nuna cewa tsokanar yaro kan jikinsa, da yawan maganar nauyi a gida, da sa shi tsarin hana ci, suna ƙara haɗarin ƙibar kanta da kuma ciwon ƙin cin abinci; cin abinci tare a matsayin iyali kuwa yana karewa. Gori bai taɓa ramar da kowa cikin lafiya ba. Allah ya hana mu jifan juna da miyagun laƙabi a Suratul Hujurat, aya ta 11, kuma bai cire yara daga waɗanda ake jin zafinsu ba. Gwaggonta wataƙila gani take wasa ne irin na gwaggo da 'ya, amma ke ba za ki iya tsawata wa dangin miji ba tare da an ce kin yi rashin kunya ba. Ki samu maigidan ku biyu, ki faɗa masa 'yarsa ta kusa faɗuwa a makaranta da dalilin da ya sa, shi ya ja kunnen ƙanwarsa. Ki je makarantar ki ga malamar ajinsu a kan masu kiranta orobo. Ke ma yabon ramar ya tsaya, ko da baƙi sun ce "kai, ta yi kyau yanzu", ki kawar da zancen.

Kunyar ɗan fari al'adarmu ce, ina girmama ta, amma a wannan karon ki ɗan sassauta. Yarinyar da ba ta samu kunnen uwarta ba, mai sayar da shayi a Instagram ce ta saurare ta. Ba sai kin zaunar da ita kamar za a yi shari'a ba. Kuna tsinke zogale ko kina yi mata kitso, idonki na kan aikin, ki ce: "Na ga abin da ake faɗa miki yana ci miki rai. Na yaba miki da kika fara ramewa, ban san wahalar da kike sha ba. Lafiyarki nake so, zo mu gyara tare." In ta yi shiru ko ta yi kuka, ki bar ta, kin buɗe ƙofa. In kin ga nauyin bakin ya fi ƙarfinki, ki sa ƙanwarki ko wata yayarta da take sakin jiki da ita, amma ki kasance kina nan.

Ki sa ido a kan wasu alamu ba tare da kin zama ɗan sanda ba: shiga banɗaki da zarar an gama cin abinci, ɓoye abinci ko zubarwa, cewa kullum "na ci a makaranta", jin sanyi ana zafi, hawa sikeli safe da yamma. Haka in ta tsiri azumin Litinin da Alhamis da ba ta saba ba a daidai wannan lokaci, ki lallashe ta ta dakata har ta warware, marar lafiya ko na farilla an yi masa rangwame. In kin ga waɗannan, ko ta kasa komawa cin abinci duk da lallashi, ki gaya wa likita a fili, domin ciwon ƙin cin abinci ciwo ne na gaske da ke kisa, kuma yana jin magani in an tare shi da wuri. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen yara da matasa a Oshodi, zuwa can ba hauka ba ne. In ta suma, ko ta ce zuciyarta na bugawa ba daidai ba, a wuce sashen gaggawa a lokacin. Sannan ki ambata wa likita idan bayan wuyanta ya yi baƙi kamar datti amma ba ya fita da wanka, ko gashi na fito mata a haɓa, ko da ma can al'adarta ba ta da tsari, ko an taɓa ba ta ƙwayoyin sha-ka-fashe, don kowannensu na iya zama dalilin nauyin, kuma kowanne da maganinsa.

Ƙaninta kuwa ki ƙyale shi ya ci. Namiji mai shekara 13 yana bukatar kalori 2,000 zuwa 2,600 gwargwadon motsinsa, kuma nan da shekara uku, in mai buga ƙwallo ne, zai iya kaiwa 3,200. Yana gab da harbawa sama, za ki ga wandunansa sun ɗage cikin 'yan watanni. Muddin yana ƙara tsawo, yana da kuzari, ba ya yawan ƙishirwa da fitsari ko ramewa, babu abin damuwa. A ba shi maganin tsutsar ciki in an daɗe ba a ba shi ba. Dokar lemon kwalba da ta waya dai ta hau kansa kamar yadda ta hau kan yayarsa, don siriri ma sukari na ɓata masa haƙori, kuma kada ki bari ya riƙa tsokanarta a kan kwano.